Rasuwar Hoton Na'Allah da Motar da Ya Tare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake mai zuciyar ya ce shi har yanzu bai ji komai a cikinta ba, iyalan Malam Haliru Na'Allah, direban da ke jigilar albasa tsakanin Illo da Bagudo, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan gida da na tsallaken iyaka rasuwar dattijon gidansu, wato hoton mahaifinsa, Na'Allah Direba. Marigayin ya cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a wani shagon buga takardu a Bagudo, bayan gajeruwar jinyar da ba ta kai a tafasa shayi ba. Shi kaɗai ne hoton Na'Allah a duniya. Babu na biyu, kuma babu inda za a je a wanko wani.

An haifi marigayin a garin Malanbil da ke tsallaken iyaka, kamar yadda hatimin Faransancin da ke bayansa ya nuna, a zamanin da hoto baƙi da fari ne, kuma sai mutum ya yi wanka ya sa rigar Juma'a kafin ya tsaya gaban mai ɗauka. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. A cikinsa Na'Allah yana tsaye a gaban wata mota, ya ɗora hannun hagu a kan bonet, ya harɗe ƙafa. Ba a jima da ɗaukarsa ba Allah ya karɓi Na'Allah, Haliru yana goye a bayan mahaifiyarsa, Inna Mariyamu. Saboda haka Haliru bai san wani uba ba sai wannan ɗan kwali. Madubi ma bai yi masa rana ba, don kowa ya shaida uwarsa ya ɗebo, har kunnuwa.

Marigayin mai haƙuri ne, mai kawaici. Ya zauna shekara da shekaru a cikin kwallar Inna, naɗe a tsohon ɗankwali, tare da kanumfari da ɗan guntun turare, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Shekarar da kogin Kwara ya yi ambaliya ya ci rabin unguwa, a kan Inna ya tsallake, ita cikin ruwa har ƙirji, shi ko ɗigo bai taɓa shi ba. Gara ta shiga ɗakin ta cinye tabarma da ƙyauren taga, ta bar shi. Ba ya shan mai, ba ya neman caji. Iyakar muryarsa da aka sani ita ce ɗan ƙaras ɗin nan da yake yi idan an zaro shi daga leda, sai kuma fat idan an ajiye shi a kan benci.

Aibinsa ɗaya ne, in har aibi ne. Na'Allah, Allah ya jiƙansa, ya tsaya daidai inda tambarin motar yake. Ya tare hancinta, ya tare sunanta, rigarsa ta rufe rabin lamba. Abin da ake gani sai fitila ɗaya, kumatun gaba, ƙofa, da taya mai farin baki.

Da Inna ta rasu, hoton ya dawo hannun Haliru. Ranar wata kasuwar Illo ya kai shi tasha, ba don komai ba sai don abokan aiki su ga shi ma tuƙin nan gadonsa ya yi. Ɗanmaliki, tsohon makaniken da ke gyara a gindin bishiyar bedi, ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya ƙura ido. Bai ce Allah ya jiƙan tsoho ba. Cewa ya yi, "Wagga Fijo ta, 403." Bunyaminu, shugaban direbobin layin iyaka, ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Ina! Kai da ganin kumatunga ka san Moris ta. Mi ka sani ga mota in ba zubar da baƙin mai ba?"

To fa, daga ranar tasha ta rabu biyu. 'Yan Fijo a benci ɗaya, 'yan Moris a ɗaya, ga wasu tsiraru 'yan Ofel da ba wanda yake saurarensu. Duk ranar kasuwa, da an sauke kaya an sha fura, sai a ce Haliru ya fito da dattijo. A zaro shi, ƙaras, ya bi hannu hannu. An kai shi Zagga wurin wani tsohon direban gwamnati, an tsallaka iyaka da shi zuwa Madikali wurin mai sayar da kayan tsofaffin motoci, kowa ya faɗi tasa. Kuma kullum a nan ake ƙarewa: "Kai Haliru, da tsohonka ya ɗan gusa kaɗan, da an huta." A yi dariya, Haliru ma ya yi. Jama'a, ku ji fa! Mutum ya yi wanka, ya sa rigar Juma'a, ya tsaya don ɗansa ya gan shi, ana cewa da ma ya gusa. Har ta kai Haliru da kansa, in zai duba fitilar da kyau, sai ya ɗora babban yatsa a kan mahaifinsa don kada ya ɗauke masa hankali.

Ba a cewa ba ya son uban. Yana sonsa, kuma a tunaninsa sanin motar sanin uban ne. In Fijo ce, to harkarsa ta ƙasar rainon Faransa ce, mai bin hanyar garin Kandi a tsallake. In Moris ce, to ta gida ce, ya tsallaka iyaka da ita. Wannan ne abin da yake nema, ya bi ta hanyar fitila da taya.

A bara ne Zainulabideen, wani ɗan garin Kurgu da ke harkar fiton motoci a Kwatano, ya zo gida ya ji musun. Ya ce akwai wani zaure a waya inda masu son tsofaffin motoci daga ƙasashe daban-daban suke taruwa, kana tura musu hoto su faɗa maka sunan mota da shekarunta. Sai dai su ba sa son hoto daga nesa. Bayan ya koma ya riƙa aiko saƙo: a matso da waya a ɗauko masa fitila, a ɗauko mariƙin ƙofa, a ɗauko ƙarfen da ya bi gefen jiki, a sake ɗauko taya da rana don ta fito sosai. Haliru ya shimfiɗa marigayin a kan bonet ɗin motarsa, ya yi ta ɗauka, yana turawa.

Jinyar ajali ta faro ne daga kulawa. Bashira, matar Haliru, ita ta lura gefen hoton ya fara laushi, ga tabon baƙin mai a kusurwa, ga wata 'yar tsaga tana tahowa daga sama. Ta ce, "Malam, hannuwan tasha za su kashe shi. A yi mishi laminatin mana, kamar katin zaɓe." Gaskiya ta faɗa, don a gidan nan komai mai daraja an rufe shi da leda: takardar haihuwar yara, lasin, har katin asibiti. Ba wanda ya taɓa gaya wa kowa cewa tsohon hoto ba ya shiri da zafi.

Ranar Talata Haliru ya sauke albasa a Bagudo ya shiga shagon. Mai shagon, Shamsu, magidanci ne mai ladabi, ya karɓi marigayin da hannu biyu, ya sa shi tsakanin leda, ya tura shi cikin inji ta wajen kai. Ya shiga har ƙirji. Sai janareto ya yi tari ya mutu. Injin ya tsaya da zafinsa, dattijo a ciki. An ji ya ce tsss, a hankali, sau ɗaya, ba irin muryar da aka san shi da ita ba. Kafin a ja igiyar janareto wari ya cika shagon. Shamsu ya ruɗe ya fizgo shi ta baya, leda ta taho da abin da ta taho da shi, sauran ya manne a cikin inji.

Daga ƙirji zuwa sama babu komai sai fari da kumfa-kumfa mai ruwan ƙasa. Shamsu ya durƙusa yana salati, yana ba da haƙuri, hawaye shaɓe-shaɓe. Haliru ya dubi abin da ke hannunsa, ya juya bayan hoton, ya sake juyo da shi. Ya ce, "Ba komi. Sannu da aiki." Ya sa shi a aljihu da sauran ɗuminsa, ya tayar da mota, ya ɗauki fasinja har Illo. A hanya ma ya tsaya ya sayi rake.

Da ya nuna wa Bashira, ta dafe ƙirji, sannan ta tuna ta ce, "Alhamdu lillahi, ai ka ɗauke shi ga waya!" Ya ce ƙwarai, da yawa ma. Suka zauna a kan tabarma suna turawa da yatsa. Fitila. Fitila kuma. Mariƙin ƙofa. Taya da rana, taya a inuwa. Ƙarfen gefe daga dama, ƙarfen gefe daga hagu. A guda ɗaya ga yatsun Na'Allah a kan bonet, an yanke su daga wuyan hannu. Suka kai ƙarshe, suka dawo farko. Bashira ta tashi ta shige ɗaki tana kuka. Shi ya ci gaba da zama, ya tambayi ko da sauran tuwo.

Washegari saƙon murya ya shigo daga Kwatano, Zainulabideen yana ta murna. An gano! Ba Fijo ba ce, ba Moris ba ce. Wata motar Faransa ce mai suna Simka, ƙirar tun kafin 'yancin kai, kuma ƙarfen gefen nan ne ya tona ta. Har wani Bature ya ce a gaishe da mai hoton, ya adana shi da kyau. Haliru ya saurara har ƙarshe, ya danna ya ce, "Madalla. Mun gode."

Marigayin ya rasu ya bar rabin jikinsa na ƙasa, wato taya ɗaya da takalman Na'Allah, yanzu a rufe cikin leda, ba abin da zai sake taɓa su. Ya bar 'ya'ya masu yawa a cikin waya, dukkansu kayan mota. Ya bar jikoki, Safina da Muzammilu, waɗanda aka riƙa hana su taɓa shi don kada su ɓata shi, suka girma ba su ƙare masa kallo ba. Ya bar Ɗanmaliki da Bunyaminu, waɗanda suka zauna a benci ɗaya jiya, abin da ba a taɓa gani ba, kowa yana kallon ƙasa. Ɗanmaliki dai an ji yana cewa shi bai yarda da Simkar nan ba, aka harare shi.

Game da jana'iza, an tambayi liman ya ce hoto ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, amma addu'a ga wanda ke cikinsa ba ta da lokaci. Saboda haka ranar Juma'a bayan la'asar za a naɗe abin da ya saura a farin ƙyalle a sa shi a ƙasan akwati. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Haliru da ke Illo, bayan tasha. Mata su shiga wurin Bashira, ita ce ma ta fi bukata, don ta ɗora wa kanta laifin da ba nata ba. An yafe wa Shamsu, ya zo ba tare da fargaba ba.

Iyalan suna roƙon masu zuwa kada a kawo zancen mota, an riga an san sunanta. Roƙo na musamman kuma ga direbobi da makanikai da duk wanda hoton nan ya taɓa bi ta hannunsa, da dattawan Kurgu da Zagga da na tsallake da suka san Na'Allah da ransa: a daure a zo, ko a aiko. Malam Haliru yana da tambaya ɗaya. Tun ranar Talata yake rufe ido yana neman fuskar, fitilar ce take zuwa masa. Ya tambayi duk 'yan tasha ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya ba shi amsa. Yana so a gaya masa ko mahaifinsa murmushi yake yi a hoton.