Ranar da Na Ba Kwanonin Malama Iska

Wata uku ina shara a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a Talata Mafara. Malamar da ta ɗauke ni aiki tana renon wani abu cikin ƙananan kwanonin gilashi masu murfi. Irin dabbare-dabbaren gansakukan nan ne da ke manne wa duwatsu, ta kankaro shi daga Maradun, wai akwai magani a cikinsa. Kullum sai na leƙa, bai wuce ƙwayar gero ba.

Ni da na yi jinyar ɗiyata Hauwa da tamowa, wa zai koya mini reno? Rannan Malama ta tafi Gusau, sai na buɗe murafen duka, na jera kwanonin bakin taga su sha iska.

Kwana huɗu suka cika fam, kore shar, har da gashi. Da ta dawo, ni na tare ta da albishir.

Ta duba kwanonin, sannan ta ce, "Maman Hauwa, wagga funfuna ta, irin ta tsohon tuwo. Ta cinye min aikin shekara guda."

Na jingine tsintsiya ina jiran sallama. Ba ta kore ni ba, kwaɗo ta sa wa durowar.

Har yau in na shigo, ɗalibanta sai su dafe murafe suna cewa, "A rufe, ga likitar tamowa nan!"