Dakta na Uku da Goɗiya Biskit

A duk faɗin jihar Kentucky, inda ko jariri ya san ingarma ya san goɗiya, ba a taɓa haifar mahayi kamar Dakta Alden Crenshaw na Uku ba. Shi da kansa ya faɗa mana, kuma mai digiri uku ba ya ƙarya. Shi ne Mataimakin Shugaban Kwalejin Bexmoor mai kula da Martaba da Hulɗa da Manya, muƙamin da ba mu san muna bukatarsa ba sai da ya zo. In ka ce masa Dakta Crenshaw ka yi shiru, zai tsaya yana kallonka har sai ka cika da "na Uku". Ɗalibai kuwa Barden Kafet suke ce masa, don a kan kafet ɗin ofis aka fi ganin bajintarsa.

Ni ofishina yana ƙarƙashin nasa, don haka na san takunsa. Da dogon takalmin hawa yake zuwa aiki, da ƙaimi a dunduniya, da 'yar bulala a hammata. Da su yake zuwa taron malamai, da su yake zuwa coci. Bangon ofishinsa cike yake da hotunansa a kan Baron, wani ƙaton doki da ya sayo daga Jamus. Abin sha'awa, kowane hoto an datse shi ta gefen hagu, daidai inda hannun mai riƙe linzami ya kamata ya fito.

Da aka ba Bexmoor karɓar baƙuncin gasar hawan doki ta kwalejojin ƙasa, Dakta ya naɗa kansa shugaban kwamiti, ya kuma taya kansa murna a rubuce. Washegari ya yi wa bargar kwaleji dirar mikiya. Rhonda Sizemore, mai horar da ƙungiyarmu, ta bi shi a baya tana goge hannu a wando. Ya sa a sake fenti. Ya sa a dasa furanni, waɗanda dawaki suka cinye kafin la'asar. Sannan idonsa ya faɗa kan Biskit.

Biskit tsohuwar goɗiya ce, gajera, mai tumbi, leɓenta na ƙasa a sake kamar mai jin barci. A kanta duk wani sabon ɗalibi yake koyon zama a sirdi, kuma ta fi shekara ashirin a hannun Rhonda.

"Wannan kuma fa? Doki ce ko kujerar falo?" in ji Dakta. "Rhonda, manyan ƙasa za su zo. Ki ɓoye ta a bayan rumbun ciyawa. Na riga na yi magana da masu sansanin yaran nan na bakin titi, ranar Litinin bayan gasa za su zo su ɗauke ta. Can ta dace, wajen masu majina."

"Haba Dakta, a nan fa ta tsufa."

"To ta je ta ƙarasa a can. Martaba ba ta san sabo ba."

Rhonda ta juya ta shiga gyara wani bokiti da ba abin da ya same shi. Na san ta da daɗewa, ban taɓa ganin idonta ya yi ja ba sai ranar, kuma na ji haushi har cikin raina.

To, al'adar wannan gasa sananniya ce: ba mai zuwa da dokinsa. Mai masaukin baƙi ne ke tara dawaki, a rubuta sunayensu a jefa a hula, kowa ya ɗauki ƙuri'a. Wanda ka ci karo da shi, shi za ka hau ka shiga fili, ba gwaji, ba gaisuwa. A ƙarshe alƙalai su zaɓi dokin da ya fi kowane, a rataya masa ƙyallen yabo. Wannan ƙyalle ne ya hana Dakta sukuni. Sai ya sa Baron cikin dawakin ƙuri'a, ya kuma rubuta sunan kansa a rukunin tsofaffin ɗalibai, tunda shi ma a Bexmoor ya yi karatu.

Rhonda ta yi ƙoƙarin tuna masa cewa ƙuri'a ba ta san mai doki ba. Ya ɗaga bulala ya katse ta.

"Ni za ki koya wa doka? Ni na kawo gasar nan garin nan!"

Ai kuwa yana da dabararsa. Sunayen sauran dawaki a 'yan guntayen takardu aka rubuta su. Sunan Baron kuwa Dakta da kansa ya rubuta shi a kan katin ofishinsa, mai kauri, mai zanen ruwan zinare a gefe, yadda yatsa zai gane shi ko ido a rufe. Banda ma haka, ina aka taɓa rubuta sunan Baron a takardar talakawa?

Ranar gasa motocin kwalejoji suka cika harabar, daga Texas har Vermont. Iyaye sun hau benci da barguna da kofunan kofi. Dakta ya karɓi lasifika don yi wa baƙi barka da zuwa a taƙaice, kofi ya huce a hannun mutane bai kai rabi ba.

"Ya ku 'ya'yana mahaya! Ƙuri'a ita ce uwar adalci. Ba ta san ɗan attajiri ba, ba ta san ɗan manomi ba. Mahayi na gaskiya ba ya zaɓen doki. Ni nan da kuke gani, a ba ni alfadari ma, in na ɗora masa ƙafa sai ya tuna kakansa doki ne. Doki yana jin jinin mutum ta cikin sirdi, kuma jinin Crenshaw ba ɓoyayye ba ne!"

Aka tafa, saboda ya gama.

Da aka zo ƙuri'ar tsofaffin ɗalibai, ya ce a ajiye hular kwaleji, a yi da doguwar hularsa ta biki. Ya miƙa hannu zai fara ɗauka ke nan sai ya hango masu ɗaukar hoto. Nan take dattaku ya motsa masa. Ya ja da baya, ya rusuna wa wata mata mai furfura, tsohuwar nas daga Ohio.

"Mata ne gaba, ranki ya daɗe. Mai gida kuwa shi ne ƙarshe."

Matar ta zura hannu. Me hannu zai fara tararwa a cikin guntayen takardu in ba kati mai kauri ba? Ta zaro shi, ta karanta, ta ce, "Baron! Kai, amma kun iya karɓar baƙi, har da zinare." Murmushin Dakta ya tsaya a fuskarsa kamar an manna. Sauran suka ɗebi nasu ɗaya bayan ɗaya, aka bar masa ƙwaya ɗaya a gindin hula. Dawaki ba su isa ba a safiyar, biyu sun yi ɗingishi, dole Rhonda ta fito da ta bayan rumbu. Mai shela ya leƙa takardar ya faɗa wa duniya: "Dakta Crenshaw, a kan Biskit!" Ko "na Uku" bai sa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutum biyu suka ɗora shi, aka cire masa ƙaimi bisa doka, aka saki linzami a hannunsa, karo na farko ba kowa a gefen hagu.

Biskit dai ta daɗe da daina sauraron na bisa kanta. Ta ga masu kuka, ta ga masu addu'a, ta gane cewa mai gaskiya ɗaya ne a fili, shi ne lasifika. Mai shela ya ce, "Mahaya, ku yi taku." Ta taka. Ya ce, "Ku yi sassarfa." Kafin ya rufe baki ta ɗauka, Dakta yana tashi yana faɗawa a sirdi kamar buhun dankali a bayan akori-kura. Ya ce, "Ƙaramar sukuwa." Nan jinin Crenshaw ya saki linzami ya rungumi geza. Muna jin sa daga benci yana cewa, "Tsaya, baiwar Allah! Tsaya mu yi magana!" Ita kuwa tana karkata jiki tana taro shi duk lokacin da ya zame, har ta zagaye filin da shi lafiya.

"Ku jeru a tsakiya," in ji mai shela. Ta je ta tsaya cak, ta saki leɓe, ta lumshe ido. Dakta ya duba ya ga yana raye. Sai martaba ta dawo. Ya ɗaga hannu biyu ga jama'a, ya rusuna dama, ya rusuna hagu, ya ƙara rusunawa sosai wajen bencin manyan baƙi. Ƙafafun da suka mutu tun a sassarfa suka ƙi riƙe shi. A hankali ya sulale, ba gaggawa, har ya zauna daɓas a yashi. Biskit ta waiwayo ta shinshina aljihunsa ko da alewa.

Nas ɗin Ohio ce ta zo ta ɗaya a kan Baron. Ƙyallen dokin da ya fi kowane kuwa alƙalai ba su yi gardama a kansa ba, sun ce sun ga abin da goɗiyar nan ta ɗauka. Kuma bisa tsarin da shugaban kwamiti ya rubuta da hannunsa, shugaban kwamiti ne mai ratayawa. Ya rataya wa Biskit, da yashi a wando.

Ranar Litinin motar sansanin yara ta iso. Rhonda ta riga ta sa wa Biskit igiya, tana shafa wuyanta. Sai ga Dakta yana tafe yana ɗingishi. Ya kwana da lissafi: sansanin nan a bakin babban titi yake, duk wanda ya wuce zai ga 'yan shekara biyar suna kilisa a kan dabbar da ta kayar da Crenshaw na Uku. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

"Ku dakata! Kuna da hankali kuwa? Wannan za ku ba yara? Wannan zakanya ce! Ni da na yi artabu da ita na san abin da na ji. Da wani ne ba ni ba, da yanzu ana zaman makoki. Ba inda za ta je. Rhonda, a kafa mata allon gargaɗi, kuma kada a bar kowa kusa da ita sai gwani."

"To, Dakta," in ji Rhonda, tana kallon ƙasa, tana danne dariya. "Na Uku."

Har yau allon yana ƙofar ɗakin Biskit, da jan fenti: HATTARA, MAI HAƊARI CE. A ƙarƙashinsa sababbin ɗalibai suke layi kowace kaka, waɗanda ba su taɓa shafa doki ba, ana ɗora su ɗaya bayan ɗaya. In wani ya karanta allon ya tsorata, Rhonda takan ce ya kwantar da hankalinsa. Duk tsawon shekarun da Biskit ta yi tana ɗaukar mutane, mutum ɗaya ne tak ya taɓa faɗowa daga bayanta.

Shi ma tana tsaye.