Gonar Baba Inayat ce ta karkace

Jiya da safe na tura babur ɗina gidan mai, na shiga layi tun rana ba ta yi zafi ba. Ina nan tsaye har ƙafafuna suka daina gaisawa da ni. Da layi ya zo kaina, sai ga wata farar mota ta ratso ta gefe, bayanta cike da jarkoki. Aka ɗura mata tsaf, mai sayar da man ya rataye bututu ya ce ya ƙare. Na tambayi jarkokin na wane ne, aka ce na injin aske ciyawar filin wasan golf ne. Na ce madalla. Ni ai ina da ƙafafun tura babur, kuma bai kamata manya su fito shan iska su tarar da ciyawa buzu-buzu ba.

Haka na turo babur ɗin zuwa unguwarmu da ke bayan garin Sialkot. Filin golf ɗin yana tsakiya, inda a da ɓaunayen gida da unguwa ke tatsa suke kiwo. Layinmu yana damansa, gonar gwaibar maƙwabcina Baba Inayat tana hagunsa. Na tsaya a gonar in huta, tsohon ya miƙo mini kofin lassi, wato damammen kindirmo, mai sanyi. Ban kai shi baki ba wani abu ya faɗo ta cikin ganye, ya fasa tukunyar tabarsa, ya gangara ƙarƙashin gadon igiyar da muke zaune a kai.

Baba bai ko razana ba. Ya sunkuya ya ɗauko 'yar farar ƙwallo, ya jefa ta cikin wani kwando da ya kusa cika da irinta.

"Sha abinka, ɗana," in ji shi. "Wannan ta Babban Sahib ce. Tasa ta fi son tukunya. Ta mataimakinsa kaji take bi."

Bari in yi wa masu karatu bayani, don kada wani ya ɗauka ina ƙorafi. Allah ya albarkaci yankinmu da Babban Sahib Mai Almakashin Zinare, mutumin da bai taɓa ganin ƙyallen bikin buɗe wuri a miƙe ya bar shi ba a yanke ba. Shi ya lura cewa abin da ya hana mu ci gaba ba wuta ba ce, ba ruwa ba ne, rashin wurin da manya za su bugi ƙwallo su bi ta a ƙafa ne. Aka kafa Hukumar Kyautata Hutun Manya, aka kori ɓaunaye, aka juya ruwan magudana ya koma shayar da ciyawa. Da yake kuma mai kishin ƙasa ne, ya ce ba za a buga da sandunan waje ba. Garin da yake ɗinka wa duniya ƙwallo ba zai gaza ƙera sanda ba. Aka yi tafi, ni ma na yi, domin ana kallona.

Tun daga ranar buɗewa, duk ƙwallon da aka buga sai ta miƙe kamar abin kirki, ta yi rabin hanya, sannan ta tuna tana da saƙo a gonar Baba Inayat.

Wanda ya ƙera sandunan ba baƙo ba ne, Mian Tufail ne, ɗan kawun matata, wanda a da sandunan wasan hoki yake yi kafin arziki ya gan shi. Na je masana'antarsa ranar wata Asabar. Ya sa aka kawo shayi da samosa, ya zagaya da ni ina kallon sanduna jere kamar rake, ana shafa musu gam ana cusa su a kawunansu, ba mai ɗaga ido.

Na ce, "Tufail, tsakaninka da Allah, me ya sa duk hagu suke yi?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Bhai jan, ɗan'uwana, ai ba asiri ba ne." Ya zaro ƙota guda, bututun ƙarfe siriri, ya murza ta a kan tebur. "Kowace ƙota ana naɗe ta ne a haɗa bakin. Wajen haɗin nan ya fi sauran jikin tauri, shi ne ƙashin bayanta. In kana son ta buga daidai, sai ka lanƙwasa ta ka nemo shi, ka saita shi da fuskar kan sandar, sannan ka manna."

"To me ya hana?"

"Wa ke da wannan lokacin? Kuma ka ga wannan?" Ya juyo ta. Ga sunan Babban Sahib da dukkan laƙabinsa da ruwan zinare, tun daga mariƙi har kusan ƙasa. "Umarnin da aka ba ni ɗaya ne, in ya sunkuya zai buga, ya ga sunansa yana kallonsa. Da sunan muke saiti. Ƙashin baya kuwa duk inda ya faɗa, can ne gidansa."

Na ce to ai da sai wata ta yi hagu wata ta yi dama. Nan ya gyara zama, ya dube ni da tausayi.

"Wannan a masana'antun banza ke nan, inda kowace sanda take da nata ra'ayin. Injinmu na buga suna ta wajen haɗin yake kama ƙota, saboda haka duk karkatarsu ɗaya. Ka ɗauki dubu, babu wadda za ta saɓa wa 'yar'uwarta. Inganci ke nan, bhai jan. Har takardar yabo aka ba ni."

Na cinye samosata na yi masa murna.

Da ƙwallaye suka yi ta ɓacewa, ran Babban Sahib ya ɓaci, aka kafa kwamiti. Suka zo gonar cikin motoci masu sanyi, ƙarƙashin jagorancin Ƙaramin Sahib Mai Riƙe Lema, wanda ya samu muƙaminsa saboda bai taɓa barin rana ta taɓa ƙeyar maigidansa ba. Baba ya shimfiɗa musu darduma, ya yanka musu gwaiba ya barbaɗa gishiri da barkono. Suka ci, suka yaba, suka nemi ƙari. Sannan Ƙaramin Sahib ya goge baki ya ce binciken ya kammala.

"Baba ji, abubuwa uku ne a maganar nan. Akwai hannun Babban Sahib, akwai sanda, akwai gonarka. Kana nufin hannun Sahib ne ya karkace?"

"Ni? Allah ya tsare ni."

"To sandar da ke ɗauke da sunansa ce ta karkace?"

Baba ya dube ni, na dubi takalmina.

"Ka gani. Saura me?"

Da suka tashi tafiya na bi shi har mota, na rage murya na ce, ranka ya daɗe, in aka ɗan murza ƙotar nan kafin a manna ta, shi ke nan fa. Ya dafa kafaɗata kamar tsohon aboki.

"Malam, ka ɗauka ban sani ba? Ni ma tawa can take faɗawa. Amma in aka murza, sunan zai koma kallon ƙasa. Kai za ka je ka gaya masa an kifar da sunansa?"

Na ce a'a, ni layin mai ma ya ishe ni.

Hukumar ta yanke cewa tun asali an dasa gonar a inda bai dace ba, domin ta tare wa ƙwallo hanyarta ta halitta. Za a haɗe ta da filin. An yi wa Baba alkawarin wani wurin da ya fi wannan, wanda za a nuna masa da zarar an gano inda yake.

A nan dariyata take ƙarewa, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ƙona mini rai. Mahaifinsa ne ya dasa itatuwan nan. Da su ya aurar da 'ya'yansa, da su yake ci, a inuwarsu matarsa ta yi jinyarta ta ƙarshe. Ya san kowace bishiya da halinta, wadda take jinkiri da wadda take zuba tun sanyi bai kama ba. Jiya da nake shan lassin nan, jan fenti ne a jikin kowacce, masu zarto kuma gobe za su zo. Na tambaye shi me zai yi da kwandon ƙwallayen. Ya ce zai mayar musu, ba ya son a ce ya tafi da kayan mutane. Ya tsinko gwaiba cike da hula ya ce in kai wa yara, ta bana ce kuma ta ƙarshe.

Na iso gida da gwaibar, matata Shagufta ta tare ni a ƙofa da albishir. Tufail ya bugo waya. An ƙara wa Babban Sahib girma, laƙabinsa ya yi tsawon da ba zai shiga inda yake a da ba, sai da aka juya ƙota a cikin injin aka buga shi ta ɗaya gefen. Sababbin sanduna sun fito, an gwada su, kuma duk bakinsu ɗaya kamar kullum.

"Ya ce a gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa," in ji ta. "Yanzu ba sa yin hagu ko kaɗan."

Na ce, "To ina suke yi?"

Daidai lokacin wani abu ya dira a kan rufinmu, ya gangaro ta indararo, ya tsaya fari tas a tsakar gida kusa da murhu.

Gonar Baba dai an riga an sa hannu, gobe za a sare ta ko ƙwallo ta je ko kada ta je. Ni kuwa na sa Shagufta ta wanke kofunan baƙi ta nemo darduma. Na daɗe ina jin gidan nan namu kamar ya ɗan karkace, ban dai samu masanin da zai tabbatar mini ba.