Ranar da Na Sa wa Alhaji Hana-Sallah

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so (kuma Allah ya sani na so), da ranar da na kai mahaifin Rukayya yawo birnin Cumberland. Lokacin ba a ba ni ita ba tukuna. Alhaji ya zo daga Kano ya sauka a gidan babban ɗansa, Yaya Nura, a Germantown, wai duba lafiya. Amma kowa ya san ni ya zo dubawa. Magabatana sun je tambaya tun bara, ya ce a dakata sai ya ga yaron da idonsa.

Alhaji tsohon malamin tarihi ne. Ya karanta cewa akwai wani tsohon birni a duwatsun yammacin Maryland, inda Jamusawa da mutanen Ailan da baƙaƙen fata da Yahudawa suka zauna tun zamanin haƙar kwal, ya ce sai ya gani. Ranar Asabar ɗin da aka sa za a je, sai aka kira Yaya Nura asibiti, Rukayya ma tana aiki. Da a can gida ne, ko hanya ba zan yarda mu haɗa da Alhaji ba, amma a nan duk mai mota shi ne direba.

Ni kuwa ina da wata cuta, zargi. Duk abin da na sani game da garuruwan dutse a guruf ɗinmu na waya na 'yan Silver Spring na ji shi, inda kullum akwai wanda ƙanin abokinsa ya tsallake rijiya da baya. Tun muna kan babbar hanya na fara wa Alhaji lacca. Na ce can ba kamar Washington ba ne, kowa da bindiga yake kwana, kuma duk bature mai gemu a motar a-kori-kura a yi nesa da shi. Alhaji dai yana jan carbi yana cewa, "To, madalla."

Garin kyakkyawa ne, ban musa ba. Tsofaffin gidajen jan bulo sun hau dutse, hasumiyoyin coci sun yi cirko-cirko. Amma ni fuskoki nake kallo. Wata tsohuwa ta yi mana murmushi, na ce a raina ƙirga mu take yi. Da muka fito daga mota na dubi Alhaji, babbar riga fara sol, hula zanna-bukar ta zauna daram, sai na ce a raina kowa zai gane mu baƙi ne.

"Baba, da za a ɗan cire hular," na ce. "Don safety."

Ya dube ni, sannan ya cire ya miƙo. Rana na dukan kansa, sai na ɗauko hulata hana-sallah na ba shi. Ya karɓa ya sa. (Dattijo mai furfura, babbar riga da hana-sallah. Har yau idan na tuna sai in rufe ido.) Na ɗora hularsa a saman mota ina neman ledar da zan sa ta, sai na hango shi a tsallaken titi: bature, gemu har ƙirji, jingine da a-kori-kura, ya zuba mana ido. Ya ɗaga hannu ya taho.

"Baba, mu shiga mota."

Na ja mota, ya ja tasa. Na yi dama, ya yi dama. Ya kunna fitila, ya danna hon, yana miƙo hannu ta taga. Alhaji ya ce, "Ko tsayawa za mu yi mu ji da me ya zo?" Na ce, "Baba, irin wannan ba a tsaya musu." Na haura wani siririn layi mai tudu, layin ya ƙare a jikin katangar coci. Mutumin ya tsaya a bayanmu, ya fito yana rungume da wani abu a ƙirji.

Abin da na yi niyyar faɗa shi ne, "Bari in nemo taimako." Ban san ko na ƙarasa ba. Na dai tsinci kaina ina gangara wasu matakala a guje, makulli a hannuna, na ma danna kulle saboda sabo. Na bar uban yarinyar da nake nema a cikin mota.

Wani kantin burodi na faɗa, ina haki ina cewa ana binmu. Mai kantin ta biyo ni, ta leƙa sama, ta ce, "Wancan? Ai maƙwabcina ne." Kafin mu hau tudun na jiyo motata tana ta kururuwa, don Alhaji ya buɗe ƙofa daga ciki. Mutane sun fito bakin ƙofofinsu. Ga Alhaji nan tsaye, zanna-bukar ɗinsa a ka, baturen kuma yana riƙe da hana-sallata, suna hira kamar tsofaffin abokai.

"Tun a can na gan ta a saman motarku," in ji baturen. "Da kuka ja sai ta faɗo. Na ga aikin hannu ce, ba abin bari a titi ba." Sannan ya nuna ni, ya tambayi Alhaji, "Ɗanka ne?"

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya ce da Turancinsa na tsofaffin malamai, "Direbana ne."

Na ji kamar in nutse. Mutumin nan shi ya zaga da mu, ya nuna mana cocin kakanninsa, da na baƙaƙen fata, da wurin ibadar Yahudawa, ya kwatanta mana inda za mu sami masallaci don azahar. Ni ina biye da su a baya, kamar direban da aka ce.

A hanyar dawowa Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Na riga na saddaƙar, aure ya tafi. Washegari Rukayya ta kira ni tana dariya har da tari. Ta ce Alhaji ya ce wa Yaya Nura yaron dai lafiyarsa ƙalau, ya ga gudunsa da idonsa. Ya kuma ce tunda na dawo, alhali makulli na hannuna kuma akwai jirgin ƙasa a garin, ya ba ni ita. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk inda za mu je, makullin mota ya zauna a jakarta.

Yanzu idan wani ya biyo ni yana hon, kafin in zarge shi sai na fara leƙa saman mota. Makulli kuwa har yau yana jakar Rukayya, kuma ban taɓa tambayar dalili ba.