Tukunyar Kashe Gobara da Jiragen Ruwan Dogon Dutsi

Jiya na dawo gida da jar tukunyar kashe gobara ɗaure a bayan babur, ina tafe kamar wanda ya ci zaɓe.

Maƙwabcina Sallau esansi, wato man fetur, yake sayarwa a kwalabe. Bidon-bidon ɗinsa, manyan jarkoki goma sha biyu, suna jingine da bangon ɗakin ɗiyana, Husna da Amira, uwarsu kuma da icce take girki. Shi ya sa da na ji manya sun kira taro kan gobara, na riga masu jera kujeru zuwa.

Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, Allah ya ƙara masa lasifika, ya yi awa uku yana koya mana yadda ake kashe wuta a jirgin ruwa. A Dogon Dutsi! Mu da babban ruwanmu tabkin damina ne, wanda jaki ke ƙetarewa bai jiƙa ciki ba. Muka tafa, aka ɗauki hoto, aka miƙo mini tukunya.

Da na iso gida, Jibrilla makanike ya juya ta, ya duba jikinta.

"Baban Husna, wagga ta ruwa ce. Ka ga harafin A? Ta icce da tsumma ce. Esansi bisa ruwa yake yawo. Ka fesa mishi wagga, kai da kanka za ka raka wutar har ɗakin ɗiyanka."

"To wacce zan nema?"

"Mai harafin B. Ta garin hoda ko ta kumfa."

Na koma wurin taron. Wani mai babbar riga ya ce akwai masu B, amma an ajiye wa jiragen ruwa.

"Ranka ya daɗe, ina jiragen?"

"Suna cikin tsari na gaba."

Ka ji hangen nesa. Jirgin da ba a saya ba ya samu kariya, kogin ma ana tafe da shi.

Jibrilla ya ce kafin in samu mai B, yashi na danne wutar esansi in tana ƙarama. Na cika bokiti huɗu, na mai da tabarmin yaran ɗakin uwarsu, na tsaya kan Sallau har ya ja bidon-bidon ɗinsa can bakin hanya, yana cewa na faye tsoro. Na yarda, na faye.

Don Allah kada wanda ya kai wa manya labarin yashin nan. In suka ji, sai sun kira taro, sun yo mana odarsa daga bakin teku.