Kan Mzee Famau a Tagar Jirgi

Jirgin ruwan Mzee Famau na kwance a karkace kan yashin Matondoni tun da teku ta janye. Kwana uku ke nan jikarsa Swabra, wadda kafinta ce, tana saka masa tagogin tagulla masu buɗewa, da kuma murfin ƙofar shiga ta sama, don fasinjojin tsibirin Pate su daina suma da zafi a ciki. Da safe ta iso da kayan aiki, sai ta ga kai ya leƙo ta wata taga dab da yashi, babu hula.

"Ina kwana Kaka, ya ƙarfin ji... Innalillahi! Ina sauran jikin naka?"

"Yana ciki, muguwa! Zo ki cire ni!"

"Wayyo ni! Taga na saka, wa ya ce maka wuyan riga ce?"

"Dubawa na zo yi ko kin liƙe ta da kyau. Kai ya fita, kunnuwa suka ƙi komawa."

"Ai dole! Waɗannan kunnuwan ko an ɗaura su a sandar jirgi sai sun tare iska sun kai mu Mombasa."

"Ji mara kunya! Wannan taga ce? Ko kaguwa sai ta yi azumi kafin ta wuce. Shi ya sa na fasa aurenki."

"Wa zai auri kai zalla?"

Sai igiyar ruwa ta taho ta lashi gemunsa. Teku ta fara dawowa. Dariyar Swabra ta ɗauke. Ta haye sama da gudu, ta ja murfin ƙofar, ko motsi bai yi ba.

"Kaka! Wa ya sa sakata ta ciki?"

"Ni ne. Don kada ki kama ni ina duba aikinki."

"La'ilaha! Tsoho, yau ka kashe ni!"

"Ke ko ni? Ruwa ya kai haɓa!"

Ta kwance ƙusoshin murfin, ta faɗa ciki da kwalbar man kwakwa. Ta zura hannu ta shafe wuyan da kunnuwan, ta kama ƙugunsa.

"A hankali, 'yar nema! Kunnuwan gado ne!"

Ta fizga. Suka zube tare, ta yi wuf ta rufe tagar ta murɗa ƙusarta. Nan take ruwa ya haye gilashin. Mzee Famau ya zauna yana haki, ya kafa wa tagar ido. Ya shafa gefenta da yatsa, ya duba. A bushe.

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo, angona."

Ya fashe da dariya har da tari.

"Je gida ki ɗauki gizagona na sassaƙa, na ba ki. Amma idan kakarki ta ji labarin nan, kotu ce za ta raba mu."