Bututun Rabin Inci

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Laraba ba, don a lokacin ne ruwa ya fara hawa a tankina. (Na riƙe lokacin daidai saboda agogon bango nake kallo, kunya ta hana ni kallon malamai.)

Ina ajin ƙarshe a makarantarmu a Gusau, kuma aikin da makin fitata ya rataya a kansa shi ne tankin kifi na gilashi. Tsarin ba wuya. Ƙaramin inji yana turo ruwa daga bokitin tacewa da ke ƙasa zuwa tankin, idan ruwan ya kai wani rami da aka huda kusa da baki, sai ya gangara ta bututu ya koma bokitin. Abin da ya shiga dole ya samu hanyar fita.

Ni kuwa na fi yarda da littafi a kan in buɗe baki. Shafi bakwai na cika da lissafin faɗin bututun fita, da jan biro da shuɗi, amsa ta ba ni rabin inci, daidai da bututun shiga. Da na je sayen bututun, mai shagon ya ɗago kai kamar zai ce wani abu, na yi maza na miƙa masa takarda na sunkuya. Kwana uku ina gwadawa a gidanmu a Tsafe, ko ɗigo bai zuba ba. Ban lura cewa a makon nan wutar unguwarmu ba ƙarfi ba, ko fanka da ƙyar take juyawa. Injin lallaɓawa kawai yake.

Ranar jarrabawa aka tayar da janareta, injin ya ƙoshi.

Bututun ya fara wata ƙara kamar mai kurkure baki. Ruwa ya rufe ramin, ya ci gaba da hawa. Ina karanta wa malamai shafi na huɗu na lissafin, ina ganinsa ta gefen ido, soket kuma taku biyu ne daga inda nake tsaye. Ban kashe ba. Kashewa na nufin lissafina ya faɗi, sai na ƙara saurin karatu, kamar ruwan zai ji hujja ya koma.

Ya zubo kan tebur, ya jiƙa takardar maki. Shugabar masu jarrabawar, wata Hajiya mai tabarau, dama ta cire takalminta a ƙarƙashin tebur don ƙafa ta sha iska, wani ɗan karfasa ya biyo ruwan ya faɗa ciki. Ta ɗauko takalmin a hankali, ta juye shi a tankin, sannan ta zare soket da kanta.

"Ɗalibata, lissafinki ya yi kyau," in ji ta. "Kin ba kifin ya karanta kuwa?"

Ta ba ni mako ɗaya in gyara. Na fito ina tunanin kunyar da na guje wa a shago, wadda ba za ta wuce minti ɗaya ba, na musanya ta da ta gaban aji guda.

Ranar Asabar na tafi Bungudu wurin kawuna, manomin rani da ya tsufa yana ban ruwa da inji. Na same shi a bakin fadama, na shimfiɗa masa zanen tankin, na tambaye shi inda na kuskure. Ya daɗe yana dubawa.

"Ɗiyata, wanga ruwa na hawa, inji ke kora shi, ko ƙaramin bututu ya bi. Wanga na sauka kuwa ba mai kora shi, da kai nai yake tafiya, ga iska na tare mai hanya. Ki ninka ma bututun fita faɗi, ki huda rami na biyu sama kaɗan saboda ranar da na farko ya toshe. Kuma in za ki gwada, ki gwada ranar da inji ya samu wuta, ba ranar da yake azumi ba."